Famfon Baƙin Mai: Yadda Ake Zaɓar Matsin da Ya Dace Wa Injin Tsohuwar Mota

Ka sauke inji, ka baje shi a kan buhu, an wanke bulo da kananzir, kiranshaf ya dawo daga wajen masu yanka, ringi da metal, wato ɓawon ƙarfen da kiranshaf ke juyawa a kansa, suna cikin kwali. Saura famfon baƙin mai. A nan ne mutum zai ji shawara iri uku daga bakin mutum uku: wani ya ce sayi mai matsi da yawa, wani ya ce mai tura mai da yawa ya fi, na ukun ya ce mayar da tsohon ka ƙara masa washa biyu. Ni shawarata ita ce kada ka sayi famfo tukuna. Ajiye kuɗin a aljihu har sai ka auna injin, don shi ne zai faɗa maka famfon da yake so.

Zan yi misali da injin Chevrolet 350, mai silinda takwas da lita 5.7, wanda ya fara fitowa a Camaro a 1967, daga zuriyar injin da kamfanin ya soma ƙerawa a Amurka a 1955. Na zaɓe shi ne saboda a kansa aka fi samun famfuna iri-iri a kasuwa, kuma alƙalumansa sanannu ne. Wanda ke da Peugeot 504 irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, ko Volkswagen Beetle, hanyar tunanin ɗaya ce, alƙaluman ne kawai zai ɗauko daga littafin gyaran motarsa.

Da farko, fahimci inda matsin yake fitowa

A cikin famfon, giya biyu masu haƙora ne ke juyawa cikin gida, suna kwasar mai daga ƙasa suna turawa sama. Duk juyi ɗaya, adadin da suke kwasa ɗaya ne. Matsi, wanda 'yan gareji ke kira firesha, yana samuwa ne idan man ya rasa hanyar fita da sauri. Ka tuna tiyon ban-ruwa: ruwa na zuba a hankali, ka ɗora babban yatsa a baki, sai ya yi tsiri. Famfon bai canza ba, ƙofar ce ta ƙanƙance. A cikin inji, yatsan nan shi ne ɗan ratar da ke tsakanin kiranshaf da metal, da ratar metal ɗin kamshaf, da ta tafet, wato 'yan ƙarafan da kamshaf ke ɗagawa don buɗe bawul ɗin inji.

A jikin famfon akwai wani ɗan bawul mai sifirin. Aikinsa kawai shi ne idan matsi ya kai wani mataki, ya buɗe ya mayar da rarar mai baya. Wato sifirin rufin ɗaki ne, yana hana matsi wuce wani wuri. Ba ya ɗaga daɓe.

Wannan darasin na koye shi ina yaron gareji. Aka kawo wata 504 da fitilar mai ke ƙiftawa a silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, idan ta yi zafi. Ogana ya sa aka sauke kaskon mai, ya cire sifirin, ya cusa washa biyu a bayansa, aka mayar. Da safe mota ta tashi, fitila ta mutu nan take, mai mota ya yi godiya ya tafi. Kafin la'asar ya dawo, fitila na ƙiftawa kamar da. Dalili kuwa, a silo mai zafi bawul ɗin a rufe yake tun asali, matsin bai kai inda zai buɗe shi ba, don haka ko washa goma ka sa babu abin da zai canza a nan. Metal ne ya cinye. Abin da washar ta ƙara kawai shi ne matsin safiya, lokacin da ba a buƙatarsa.

Wani abu kuma da mutane ba su cika sani ba: matsin da geji ke nunawa ba shi ke ɗauke da kiranshaf ba. Juyawar kiranshaf ce ke jan mai ta cusa shi ƙarƙashinsa, ta haifar da matsin da ya ninka na famfo sau da yawa a cikin siririn shimfiɗar man. Aikin famfo shi ne ya tabbata mai bai yanke a wurin ba, kuma ya riƙa wucewa yana kwashe zafi.

Mataki na ɗaya: auna ratar metal

A nan za ka ɓata lokaci, kuma ya cancanta. Ƙa'idar da masu haɗa inji ke bi ita ce kusan 0.001 na inci ga kowane inci ɗaya na kaurin wuyan kiranshaf. A 350, wuyan da ke zama kan babban metal inci 2.45 ne, na konrod, wato sandan da ke haɗa fistin da kiranshaf, kuma inci 2.10. Saboda haka abin nema shi ne rata wajen 0.002 zuwa 0.0025 na inci, wato milimita 0.05 zuwa 0.06. Bai kai kaurin gashin kai ba sosai, kuma ido ba ya gane bambancin 0.002 da 0.004. Yatsa ma ba ya ganewa, komai daɗewar mutum a sana'a.

In kana da maikuromita da ma'aunin cikin rami, su suka fi. In babu, nemi Plastigage, wani siririn zaren roba da ake sayarwa cikin takarda mai layuka. Kore yana auna 0.001 zuwa 0.003 na inci, ja kuma 0.002 zuwa 0.006. Ga yadda ake yi. Goge wuyan kiranshaf da metal su bushe ƙarau, kada mai ko ɗigo ya taɓa su. Kwantar da kiranshaf a mazauninsa, ka yanki zaren daidai faɗin wuyan, ka shimfiɗa shi a tsaye bisa tsawon kiranshaf. Ɗora murfin, ka ɗaure notuna da sufana mai auna ƙarfi har adadin da littafi ya ce. Kada ka juya kiranshaf ko kaɗan, in ya motsa zaren ya goge, sai ka sake. Kwance murfin, za ka ga zaren ya baje kamar an taka shi. Kara takardar a jikinsa, layin da ya yi daidai da faɗinsa shi ne ratarka. Gwargwadon bajewarsa, gwargwadon ƙanƙantar ratar. Yi wa kowane wuya, manya biyar da na konrod takwas, ka rubuta a takarda, sannan ka kankare zaren da farce, ba da ƙarfe ba.

Dalilin wannan wahalar shi ne yoyon mai ta rata ba ya ƙaruwa daidai wa daida. A lissafi, in rata ta ninka biyu, man da matsi ke fitarwa ta wurin yana iya kusan ninka takwas. Shi ya sa ɗan kuskure wajen yanka ke cinye matsin silo gaba ɗaya.

Na taɓa karɓar kiranshaf daga wajen wani mai yanka, ya ce ya yanke shi goma, wato ya rage 0.010 na inci, na sayo metal mai lambar goma. Wuya huɗu suka ba ni abin da nake so, na biyar zaren da ƙyar ya baje, ya nuna sama da 0.004. Da na rufe injin haka, da na yi wata guda ina zagin famfo. Mayar masa na yi aka sake yanka zuwa ashirin. In ka sami irin wannan, gyara ratar. Kada ka sayi babban famfo don ya rufa wa mai yanka asiri.

Kada ka manta da metal ɗin kamshaf. Mutane da yawa suna barin tsoho a ciki saboda cire shi na buƙatar kayan aiki na musamman, kuma ta nan matsi ke zurarewa ba a sani ba.

Mataki na biyu: mene ne aikin motar, kuma wane mai za ta sha

Akwai tsohuwar ƙa'ida da ake dangantawa da Smokey Yunick, makaniken tseren motoci na Daytona Beach a jihar Florida: matsin psi 10 (psi ma'aunin matsi ne) ga kowane juyi 1,000 a minti, mai yana da zafi. Wanda gejinsa ke ƙirga da bar, bar ɗaya kusan psi 14.5 ne, don haka ƙa'idar ta zama wajen bar 0.7 ga kowane juyi dubu. Hikimar ita ce idan inji na gudu, juyawar kiranshaf na wurgo mai waje, sai an sami ƙarin matsi kafin ya kutsa cikin ramin da zai kai shi ga konrod.

To tambayi kanka gaskiya: injin nan zai taɓa wuce juyi 5,000? Motar da ake fita da ita ranar Juma'a ko a kai amarya, da wuya. Juyi 5,000 na neman psi 50, kuma famfon asali na 350 yana buɗe bawul ɗinsa ne wajen psi 55 zuwa 60. Ka ga ya wadatar har da canji. Kamfanin da ya ƙera injin ma bai nemi haka ba. Littafin gyaran General Motors na 350 na shekarun 1990 ya sa mafi ƙarancin abin karɓa a psi 6 a juyi 1,000, psi 18 a 2,000, psi 24 a 4,000. Wannan iyakar ƙasa ce, ni ba zan ji daɗin sabon inji da ke nan ba. Abin da nake so in gani bayan gyara shi ne psi 20 zuwa 30 a silo mai zafi, da 40 zuwa 55 a kan hanya.

Kaurin mai kuma rabin zancen ne. Rata 0.002 tana tafiya da 10W-30 ko 10W-40. Rata mai faɗi, wajen 0.003, ita ke son 20W-50. A ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40, kamar Sakkwato ko Yamai, mai ya fi saurin tsinkewa, don haka 15W-40 ko 20W-50 ba laifi ba ne a tsohon inji. Amma ka yanke shawarar man tun yanzu, domin famfo mai yawa da mai mai kauri da sanyin safiyar hunturu, in suka haɗu, allurar geji za ta buga ƙarshe.

Mataki na uku: zaɓen famfon

Kamfanin Melling na jihar Michigan yana da famfo iri uku na wannan injin, kuma lambobinsu sun zama kamar sunan yanka a bakin makanikai. M55 shi ne irin na asali. M55A girman haƙoransa ɗaya da na asali, sifirin ɗinsa ne ya fi tauri, yana kai matsi wajen psi 70. M55HV haƙoransa sun fi tsawo, inci 1.5 maimakon 1.2, yana tura kusan kashi 25 cikin ɗari fiye da na asali a kowane juyi.

In ratarka ta tsaya a 0.002 zuwa 0.0025 kuma motar ta titi ce, ɗauki na asali ka wuce. Injuna tara cikin goma da suka ratsa hannuna a nan suka tsaya, a ƙiyasina.

Mai taurin sifirin na injin da zai riƙa haura juyi 6,000 ne, ratarsa kuma daidai. Ba ya ƙara komai a silo, kamar washar ogana.

Mai yawan mai yana da wurinsa: inda da gangan aka buɗe rata zuwa 0.003 ko fiye don tsere, ko an ƙara na'urar sanyaya mai da dogayen tiyo, ko an ɗauke filta zuwa wani wuri. Shi kaɗai ne cikin ukun ke ɗaga matsin silo, domin yana cika ramukan da sauri fiye da yadda suke yoyo. Amma ba kyauta yake yi ba. A 350, kamshaf ke juya distiributa, distiributa kuma ke juya famfo ta wani ɗan sanda. Duk nauyin da ka ƙara wa famfo, haƙoran kamshaf da na distiributa ne ke biya, kuma in suka cinye lokacin wuta ya fara rawa. A inji mai matsattsiyar rata, rarar man zagaye kawai take yi ta bawul tana ɗaukar zafi. In dole sai shi, canza sandan zuwa mai hannun ƙarfe, ka jefar da mai hannun roba na asali. Masu Ford 289 da 302 sun fi kowa sanin wannan ciwon, don nasu sandan siriri ne mai kusurwa shida, kaurin rubu'in inci, kuma idan nauyi ya yi masa yawa murɗewa yake kamar igiya.

Ana yawan cewa babban famfo yana shanye kaskon mai ƙarƙaf ya tara man a saman inji. Ni ban cika yarda ba, domin in matsi bai canza ba, abin da ke hawa sama bai canza sosai ba, rarar a cikin famfo take juyawa. Inda ake samun matsalar shi ne ramukan da mai ke komawa ƙasa sun toshe da dauɗa, ko an haɗa yawan mai da taurin sifirin a kan ƙaramin kasko mai cin kwat huɗu, wato kusan lita huɗu.

Masu Beetle, ku saurara da kyau, don naku ya fi ban mamaki. A injinta, idan matsi ya yi yawa bawul yana ɗauka cewa man sanyi ne, sai ya kauce da shi daga na'urar sanyaya mai. Ka cire famfo mai haƙora milimita 26 ka sa mai 30, ka zuba mai kauri, geji zai nuna lamba mai daɗin gani alhali man ba ya bi ta inda zai huce. Injin da iska ke sanyaya shi kuwa, a zafinmu, ba ya yafe wannan.

Mataki na huɗu: ɗaurawa

Ko sabo ne dal, buɗe famfon. Wanke shi, ka duba ko akwai ɓurɓushin ƙarfe, ka tura bawul da yatsa ka ji yana shiga yana fita ba tare da cijewa ba. Bawul da ya cije a rufe yana iya kumbura filta ko ya fasa robarta da safe, wanda ya cije a buɗe kuma ya kashe matsi. Ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a kan haƙoran ka zura ma'aunin rata: wajen 0.002 zuwa 0.003 na inci tsakaninsu da murfi ya yi.

Sai rariyar da ke tsotso mai daga kasko. Tazararta da ƙasan kasko ya kamata ta kasance rubu'in inci zuwa uku bisa takwas, wato milimita 6 zuwa 10. In ta matse da ƙasa za ta shaƙe, in ta yi sama za ta sha iska a kwana. Ba a ganin wurin in an rufe, don haka dabara ake yi: rufe bakin rariyar da leda, ka ɗora dunƙulen yumɓu ko ƙullun fulawa a kai, ka kifa kasko tare da gaskit ɗinsa ka danna, ka cire ka auna kaurin abin da ya baje. Lura cewa famfo mai dogayen haƙora yana sauko da rariya ƙasa, tsohon awo ba zai yi ba. A 350 bututun rariyar cusa shi kawai ake yi, kuma girgiza na iya zare shi, shi ya sa ake ɗiga masa walda. Cire sifirin da bawul kafin a kawo wuta, zafi na kashe taurin sifirin.

Sandan famfo ta ƙasa yake shiga tare da famfon, kafin a rufe kasko. Noti ɗaya ne ke riƙe famfon a murfin babban metal na baya, ana ɗaure shi fam-ƙafa 65 a ma'aunin sufana mai auna ƙarfi.

Ƙirga matosan hanyoyin mai da aka cire wajen wanke bulo. Uku a gaba bayan haƙorin kamshaf, uku a baya. Akwai kuma wani ɓoyayye a cikin rami ƙarƙashin murfin babban metal na baya. In aka manta da shi geji zai nuna matsi lafiya lau, amma man ba ya bi ta filta.

Mataki na biyar: tura mai kafin a tayar, sannan gwajin zafi

Kada ka dogara da fitilar mai. Yawancinsu ba sa kamawa sai matsi ya faɗi ƙasa da psi 7 ko kusa da haka, lokacin aikin gama ya riga ya gama. Ɗaura geji mai tiyo a ramin da ke bayan bulo kusa da distiributa.

Zuba mai, cika filta, cire distiributa, ka zura sandan tura mai ka kama shi da injin huda. A Chevrolet ana juyawa yadda hannun agogo ke tafiya, a ƙaramin Ford kuma akasin haka. Sandan ya zama mai jiki irin na distiributa, domin jikin ne ke toshe hanyar man tafet, in babu shi ɓangare ɗaya na inji ba zai sami mai ba. Bayan 'yan daƙiƙu za ka ji injin hudar ya yi nauyi a hannunka, allura ta tashi. Ci gaba, wani yana juya kiranshaf da sufana kaɗan-kaɗan, har ka ga mai ya ɓullo a kan dukkan rokoki goma sha shida, wato ƙarafan saman inji da ke danna bawul. In allura ba ta motsa ba, tsaya ka nemi matoshin da aka manta.

In kamshaf sabo ne mai tafet masu shafaffen ƙasa, kamar yadda yake a kusan duk injunan wancan zamani, yi amfani da mai mai sinadarin zinc isasshe, kuma da ta tashi kada ka bar ta a silo. Riƙe ta tsakanin juyi 2,000 da 2,500 na minti 20 zuwa 30, domin fantsamar mai daga kiranshaf ce ke jiƙa kamshaf. Idonka ɗaya a gejin mai, ɗaya a na zafi.

Lambar da ka gani da safe ba ta da amfani wajen hukunci, kowane inji jarumi ne da sanyin mai. Mai yana daɗewa bai yi zafi ba bayan ruwan lagireto ya yi, don haka bayan juyen farko fita da motar ka yi tafiyar rabin awa, man ya kai wajen digiri 90 zuwa 100. Sannan ka tsaya ka karanta a silo, a juyi 2,000, da 3,000.

In silo ya yi ƙasa amma matsi na hawa da totur har ya kai inda sifirin ke buɗewa, rata ce ko man ya yi tsinke. Gwada mai mai kauri mataki ɗaya kafin ka taɓa komai. In silo lafiya amma allura ta tsaya a psi 35 ta ƙi wucewa, sifirin ne ya yi laushi, kuma a nan canza shi na da ma'ana. In allura na rawa ko tana faɗuwa idan ka ba ta wuta ko ka sha kwana, famfo iska yake sha: duba yawan mai a kasko, sannan rariya. In da zafi ma tana zaune a psi 75 ko 80 a tafiyar yau da kullum, ya yi yawa, koma mai marar kauri ko sifirin na asali. Rubuta lambobin ukun da kwanan wata da irin man da ka zuba a cikin murfin littafin motar, ka sake aunawa a juye na gaba, a kan hanya ɗaya da irin zafin rana ɗaya.